Shanun Goggo Atu

Tun da hantsi Maccido ya sa matan gidan jigilar atamfa. Labari ya riga ya iso shi daga tasha cewa ma'aikatan kuɗin fito na gwamnatin tarayya sun sauka Tambuwal da motarsu, kuma yana cikin waɗanda ake nema, don kayan da ya shigo da su daga ƙasar Faransi ta tsallaken iyaka bai biya musu ko anini ba. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, mutanen Ikko sun fara sa ido sosai a kan iyaka. Amma Maccido ya san abu guda: komai kakin mutum, ba ya shiga ɗakin matar aure. Saboda haka aka kwashe shagon zaure kaf, turmi-turmi, aka rarraba cikin ɗakunan mata.

Madina, matar ƙanensa Almu, ita ma aka kawo mata nata kason. Ta durƙusa ta tura su ƙarƙashin gado, ta ja tabarma ta rufe, ta jera kwanukanta a gaba. Ba ta tambayi kowa komai ba. In za a faɗi gaskiya, har wani ɗan daɗi ta ji da aka amince mata kamar 'yar gida.

Da ma'aikatan suka zo, su biyu da ɗan doka ɗaya mai yi musu tafinta, suka tarar da zaure fayau kamar an share don biki. Suka tsaya suka yi magana da Turanci, sannan suka zagaya bayan gida. Can ne turken Goggo Atu yake, mahaifiyar Maccido da Almu, a gindin gawo. Tana durƙushe tana ƙarasa tatsar Kyalla, ɗan maraƙi na ɗaure a ƙafar uwar. Madina ta lallaɓa ta sa ido a kafar darni tana kallo.

Shanun nan gadon Goggo ne daga ubanta na Kebbe, kuma babu wanda bai san haka ba a unguwar. Biyu masu nono take ajewa a gida, sauran suna can Kebbe hannun Bube, ɗan wanta, yana kiwo. Da su take ci, da su take sha. Furarta da nono sai an yi sammako ake samu, kuma tun rasuwar mijinta ba ta taɓa aikawa zaure neman cefane ba.

Ɗan doka ya tambaya shanun na wane ne. Maccido bai ko yi tari ba.

"Shanuna na," in ji shi. "Da waɗanga da na Kebbe. In kama za ku yi, ga su nan."

Ɗan dokan ɗan gari ne, ya san gaskiya. Ya ɗan yi jim, sannan ya juya ga tsohuwa ya ce, "Goggo, hakanan na?"

To, Maccido shi ne ɗan farin Goggo. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta dubansa ido da ido, ba ta magana a inda yake tsaye. In larura ta kama sai ta ce "wancan na zaure", ko ta aika ta bakin wani. Haka ta tarar da iyayenta mata suna yi, kuma mutanen Kebbe ba sa wasa da wannan kunya. Da tambayar ta zo mata, ga shi tsaye kusa da ita har inuwarsa na kan ƙwaryar nonon, sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta sunkuyar da kai. Ma'aikacin ya dubi ɗan doka, ɗan doka ya dubi ƙasa. Aka ɗauki shirun a matsayin amsa.

Aka kwance Kyalla da 'yar'uwarta da maraƙansu. Washegari Maccido da kansa ya shiga motar ma'aikatan ya raka su Kebbe, ya nuna musu garken Bube. Madina kuwa ta koma ɗaki ta zauna a bakin gado, dugaduganta na taɓa tabarmar da ta rufe atamfa.

Shanun ba a kai su nesa ba. Wani shinge aka yi a bayan gari aka zuba dabbobin duk waɗanda aka kama, aka sa mai gadi, ana jiran hukunci daga sama. Kullum da safe Goggo za ta ɗauki dusa da ɗan kanwa a ƙwarya ta tafi. Mai gadi ba ya barinta shiga, sai ta zura hannu ta tsakanin itace. Kyalla na jin muryarta sai ta taho. Mai gadin ya yi ta ƙoƙarin tatsarta, ta hana shi nono, don saniyar ba ta san hannun kowa ba sai na mai ita. Kafin wata ya ƙare hantsarta ta ƙafe. Maraƙin 'yar'uwarta ya kwanta bai tashi ba. Ran nan Goggo ta dawo gida ta wanke ƙwaryar dusa ta kife, ba ta ce wa kowa uffan ba. A bakin mai gadi aka ji.

Cikin gida kuwa rayuwa ta ci gaba. Bayan kwana kaɗan aka fito da atamfa daga ƙarƙashin gadaje, shago ya sake cika. Goggo ce kawai harkarta ta tsaya. Da farko ta gwada sayen nono wurin Fulanin kasuwa tana damawa, amma riba ba ta fita, masu sayenta kuma suka ce ɗanɗanon ya sake. Ta koma kaɗin auduga, idonta bai kai ba, zaren na tsinkewa. Daga nan ta fara karɓar sussuka da surfe na maƙwabta a ɓoye, a biya ta da tsaba. Mace mai shanu, uwar mai shago, tana surfen wasu. In an yi sallama sai ta yi maza ta rufe turmin da faifai.

Abinci kuwa sai ta jira kwano daga sashen Maccido. Ummu, matarsa, ba muguwa ba ce, amma mai mantuwa ce ga abin da ba nata ba. Wata rana tuwon ya zo da wuri, wata rana sai bayan an gama sallar isha, wata rana kuma sai a ce an ɗauka Madina ta kai. Goggo ba ta aikawa ta tuna. Aikawa sashen wancan na zaure neman abinci, a wurinta, daidai yake da tsayawa gabansa ta buɗe baki.

A cikin wannan hali ne yayen Nana ya kama. Nana 'yar Madina ce ta biyu, kuma bisa al'ada ɗakin kaka ake kai yaro in an cire shi daga nono. Babbar, da aka yaye ta a ɗakin Goggo, kindirmo da man shanu ta sha har ta yi kumatu kamar an hura. Nana kuwa kunun gero ta tarar, tsararo, ba ko ɗigon nono. Cikin 'yan makonni wuyanta ya fito, gashinta ya yi ja ya laushi, bakinta ya yi miki a gefe-gefe. In Madina ta leƙa sai ta ga Goggo ta ɗora yarinyar a cinya tana ba ta kunu da ludayi, tana hura mata, tana kauce wa idon uwar. Su biyu kowa na jin kunyar ɗaya.

Madina ta sayar da tasa guda daga cikin jerenta tana sayen nono ranar kasuwa. Amma nonon rana ɗaya ba ya riƙe yaro mako.

Ta sami Almu da maganar. Shi mutum ne mai sanyi, a shagon wansa yake awo, a ƙarƙashinsa yake ci. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce ai ba Yaya ya kama shanu ba, gwamnati ta kama. Ya ce da atamfar aka kwashe, gidan gaba ɗaya zai kwanta da yunwa, har da Goggon. Ya ce kuma abin uwa ai na ɗa ne, ko yau ko gobe hannunsu za su faɗo. Madina ta ce ita a makarantar allo abin da ta ji malam na faɗa shi ne ɗa da dukiyarsa na iyaye ne, ba ta taɓa jin an juya shi ba. Almu ya ɗauki hularsa.

"Ke dai ki yi ta kanki," ya ce. "Ita mai abun ta ce miki wani abu?"

Ba ta ce ba. Wannan ita ce garkuwar kowa a gidan. In maƙwabta sun yi tsegumi, sai Ummu ta ce ai Goggo da kanta ta yarda, gaban hukuma aka tambaye ta. In abokan Maccido sun taɓo zancen a zaure, sai ya girgiza kai ya ce tsohuwarsa waliyyiya ce, ta fanshi gida da dukiyarta, Allah ya ba shi ikon saka mata. Har ƙwalla yake kawowa. Madina na jiyo shi ta bayan bango in ta zo ɗibar ruwa a randa, sai kunya ta kama ta kamar ita ke maganar.

Maccido ba mai zama ba ne. Shi da sauran fatake da aka kama wa kaya suka haɗa kai suka ɗauki lauya, aka shigar da ƙara a babbar kotu a Sakkwato. Aka yi ta zuwa ana dawowa har damina ta wuce, aka yanke gero. Ranar da aka yi hukunci ya dawo a gaban motar itace, kusa da direba, yana ɗaga hannu tun daga tasha. Kafin la'asar zaure ya cika da masu barka. Abin da babban alƙali ya ce, kamar yadda Almu ya kawo wa mata, shi ne: haraji haraji ne, duk wanda ake bi ya biya; amma ba a ba ma'aikata ikon kama dabbar mutum ba sai da umarnin kotu, saboda haka a mayar wa kowa abin da aka karɓa a hannunsa.

Da Goggo ta ji, ba ta yi guɗa ba, ba halinta ba ne. Amma Madina ta ga ta fita bayan gida da tsintsiya. Ta share turke, ta cire ciyawar da ta tsiro, ta sake kafa turaku. Ta zauna ta tufka sabuwar igiya da rama, tana murzawa a cinyarta da ta bushe. Ta fito da ƙoren nono ta wanke da toka ta shanya a kan darni. Da yamma ta goya Nana tana zagayawa da ita, tana ce mata, "Kishiya, kin kusa ƙoshi. Bari Kyalla ta dawo ta ci harawa ta murmure, ki ga yadda za ki raina ni." Tun da aka kama shanu Madina ba ta ji ta yi wa jikar wasa ba sai ran nan.

Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce. Litinin ce kasuwar Tambuwal, kuma ran nan da azahar Bube ya shigo gidan ba sallamar kirki, sandarsa a kafaɗa, ƙafafunsa fari fat da tafiya. Daga Kebbe ya taso don ya kora nasa kason garken ya mayar. Ya je shinge ya tarar babu. Ya bi sawu har kara, inda ake cinikin shanu, ya tarar dillali ya riga ya sallama su ga wani mai kai shanu kudu. A gabansa aka shafa wa Kyalla jan fenti a gadon baya.

Kotu ta ce a mayar wa wanda aka karɓa a hannunsa, kuma a hannun Maccido aka karɓa. Shi ya je ya dangwala, shi aka miƙa wa igiya.

Da daddare bai ɓoye ba. Ya aiko Almu ya yi wa Goggo bayani a bakin ƙofarta: lauya ba kyauta yake aiki ba, harajin kuma yana nan sai an biya, shanun ma sun rame, riƙe su asara ne. In kasuwa ta yi kyau baɗi zai saya mata waɗanda suka fi su. Almu ya faɗi wannan duka yana duban ƙafarsa. Daga cikin ɗaki Goggo ta ce, "To." Washegari ta kwashe ƙoren daga kan darni ta mayar rataye.

Sallah ƙarama na ƙaratowa Maccido ya raba wa matan gida atamfa, kowa turmi guda, sabuwar shigowa mai zanen ganye. Har Goggo aka kai wa nata. Ta karɓa da hannu biyu daga wurin Ummu, ta yi godiya, ta sa ƙarƙashin tabarma. Madina ta ce a ranta ba za ta ɗinka ba. Amma ranar Sallah kowa ya sa, aka fara tambayarta ko raini ne, sai ta ɗaura. Ta shiga gaida Goggo da ita a jikinta. Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa, ta ce ta yi mata kyau, kuma da gaske take faɗa. Madina ta fito ta shiga bayan ɗaki ta tsaya ta daɗe, ba don tana da abin yi a can ba.

Bayan Sallah Nana ta kama zawo. Ƙafafunta suka kumbura, in an danna sai yatsa ya bar rami. Malamin asibiti ya duba ya ce ba wani ciwo ba ne, abinci ne, a ba ta nono da ƙwai. Goggo na tsaye da aka faɗa.

Bube ya sake zuwa. Shi ma ruwa ya kai masa wuya, don dangi a Kebbe sun fara cewa da bakinsa aka sayar da gadon kakansu. Ya ce akwai alƙali a garin nan, kuma shari'ar Musulunci ba ta san wani hannun da aka karɓa ba, mai abu ta sani. Ko shanu sun tafi, alƙali na iya tilasta a biya ta, ta sayi ko saniya ɗaya mai nono. Shi zai tsaya shaida. Amma dole mai abu ta je da kanta.

Goggo ta ce a'a. Madina ce ta zauna da ita kwana da kwanaki. Ba ta kawo mata zancen hakki ba, don ta san ba zai shiga ba. Nana ta ɗauko ta kwantar mata a cinya, ta kama yatsan tsohuwar ta danna a ƙafar yarinyar, suka zuba wa ramin ido tare.

"Ba cewa za ki yi komi ba, Goggo," in ji Madina. "Ki ce shanu naki na, shi ke nan. Sauran Bube shi faɗi."

Da safe suka fita a kan za su koma asibiti. Madina ba ta taɓa yi wa mijinta ƙarya irin wannan ba, kuma ba ta taɓa taka zauren alƙali ba. Suka tarar da mutane zaune a ƙasa, muhuti, mai rubuta wa alƙali, a gefe da alƙalaminsa, alƙali a kan buzu ya jingina da bango. Dattijo ne, ya san Goggo tun tana amarya, ya kuma sha furarta. Aka ba mata wuri a bakin ƙofa. Madina ta durƙusa a bayanta, Nana a goye.

Alƙali ya tambayi abin da ke tafe da ita. Muryar Goggo ta fito siririya amma ba ta rawa. Ta ce shanu ne, gadon ubanta. Ta faɗi kamanninsu ɗaya bayan ɗaya, wadda ta haifi wadda, har da wadda ƙahonta ya karye a rijiyar Kebbe. Ta ce an kama su, an sake su, ba su dawo turke ba. Alƙali na gyaɗa kai.

"To, Atu," in ji alƙali, "wa kika ƙara?"

Goggo ta sunkuyar da kai. Bube ya yunƙura zai yi magana, alƙali ya ɗaga masa hannu, ya ce shaida ba ya buɗe ƙara, sai mai ƙara ta ambaci wanda take nema sannan a aika a kira shi. Ya sassauta murya ya sake tambaya. Babu wanda ke zauren nan da bai san amsar ba, har shi mai tambayar. Goggo ta buɗe baki. Ta ce, "Wancan..." sai ta tsaya. Ta ja mayafi ta rufe fuska, daidai yadda ta yi a gindin gawo.

Madina ita ma ba ta kiran sunan wan mijinta. Yaya take cewa, ko a bayan idonsa. Amma Nana ta motsa a bayanta, ta yi ɗan kukan nan marar ƙarfi da ta koma yi, sai kawai Madina ta ji muryarta a cikin zauren.

"Maccido na. Maccido yas sayar da su, Allah shi gafarta malam. Gabana yac ce nashi na, kuma atamfar da anka ɓoye, ƙarƙashin gadona ta kwana."

Zauren ya ɗauki gunaguni. Wani tsoho ya ce a'uzubillahi. Wani ya tambayi na kusa da shi matar wa ce wannan. Muhuti ya ɗaga alƙalami yana jira. Alƙali ya bari aka yi shiru, sannan ya ce da Goggo ba sai ta faɗi suna ba, an faɗa mata. In ta ce i kawai, sai a aika.

Goggo ta dafa ƙasa ta miƙe, gwiwoyinta na ƙara.

"Ban zaka ƙarar kowa ba," ta ce. "Ku gafarce ni, na ɓata muku lokaci."

Alƙali ya dube ta har ta fita. Ya ce da muhuti kada ya rubuta komai.

Kafin su kai gida labari ya riga su. Kuma labarin da ya zagaya Tambuwal ran nan ba na shanu ba ne. Cewa aka yi matar Almu ta fita ba izini, ta tsaya gaban maza ta kira sunan wan mijinta gatsau, har sau biyu. A bakin rijiya aka yi ta, a wurin masu kitso aka yi ta. Mata suka ce 'ya'yan zamani ido ya buɗe, mulkin kai ya shigo har cikin ɗaki. Suka yaba wa Goggo, suka ce ita ce mutuniyar da, ta rufa wa ɗanta asiri gaban alƙali. Maccido ya shigo cikin gida, abin da bai cika yi ba, ya tsaya a tsakar gida ya ce shi ya yafe, yarinya ce. Amma ya ce da Almu gida ba ya zama da bakin da ba shi da linzami.

Almu bai sake ta ba. Ya ce ta tafi Sanyinna wurin iyayenta har ƙura ta lafa. Bai iya dubanta ba da yake faɗa, ita ma ba ta iya dubansa ba.

Abin da ya tsaya wa Madina a rai, tana ɗaure kaya, shi ne wannan. Gwamnatin tarayya da kakinta da motarta ta kama shanun nan, aka sami kotun da ta ƙwato su daga hannunta cikin 'yan watanni. Daga zaure zuwa turke kuwa taku kaɗan ne, amma babu kotun da ta iya kai su. Kunyar da aka koya wa Goggo don ta girmama ɗanta, ita ɗan ya auna ya ga ta isa ta rufe mata baki, ya jingina da ita ya ci. Gari kuma ya taru yana neman marar kunya, ya same ta a bakin ƙofar alƙali da yarinya marar lafiya a baya. Madina ba ta ce an yi mata ƙarya ba. Ta san tana da abin jin kunya, amma ba wanda suke faɗa ba ne. Nata tun ranar da ta sa ido a kafar darni ta yi shiru yake.

Tana cikin ɗaure ƙullin ƙarshe Goggo ta shigo. Tun daga zauren alƙali ba ta yi mata magana ba. Ta zauna a bakin gado, ta karɓi Nana, ta shafa mata kai. Ta ce a Sanyinna akwai Fulani a gabas da gari, ta nemi gidan da ke da saniya mai sabon haihuwa, ta riƙa dafa nonon kafin ta ba yarinya, kada ta ba ta ɗanye. Madina ta ce to. Ta durƙusa ta ce Goggo ta yafe mata, ta kai ta inda aka tozarta ta.

Tsohuwar ta girgiza kai. Ta daɗe tana duban ƙofa, kamar mai sauraren ko akwai wani a waje.

"Na so in ce i," ta ce a hankali. "Wallahi na so. Amma da kinka faɗi sunan ga, ba shi na ji ba. Sunan ubana na anka sa mishi. Mai shanun. In ce alƙali shi aika a kamo wa?"

A waje direban motar Sanyinna ya aiko a ce in ba ta fito ba za su tashi. Goggo ta miƙe ta ɗora mata yarinyar a baya, ta ja zanen goyo ta ɗaure da kanta, ta gwada ƙullin ta ga ya kama. Ba ta raka ta zaure ba, don wancan na zaune a ciki. A tsakar gida ta tsaya, sannan ta juya ta nufi turmin maƙwabta da ke jiranta a ƙarƙashin faifai.